Kukin da ya "mutu" tun 1970 amma har yau yana aiki

Kwanakin baya wani abokin aikina ya juyo mini allon kwamfutarsa yana dariya. Ya buɗe ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin nan da ake maƙala wa burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) domin duba kukis, wato guntayen bayanan da shafuka ke ajiyewa a cikinta, sai ga jerin kukis na wani shafi, kusan dukkansu da ranar ƙarewa iri ɗaya: 21 ga Janairu, 1970. Shafin kuwa a buɗe yake, asusunsa yana aiki, babu abin da ya ƙare. A faɗar manhajar, waɗannan kukis sun mutu tun kafin duniya ta san yanar gizo.

Shi dariya abin ya ba shi. Ni haushi ya ba ni, kuma haushin ya ƙaru da na ji amsar da ake yawan bayarwa idan an yi ƙorafi kan irin wannan: wai ai rubutu ne kawai a allo, ba ya taɓa komai.

Ban yarda ba. Manhajar ƙari da ta nemi izinin karanta kukis ɗinka, ta kuma ce aikinta shi ne ta nuna maka halin da suke ciki, ba ta da uzurin kuskure a ranar ƙarewa. Wannan ranar ita ce kusan abu ɗaya tilo da mutumin da ba ƙwararre ba zai iya karantawa ya fahimta a jikin kuki. Sunan kukin wasu haruffa ne marasa ma'ana a wurinsa, abin da ke cikinsa kuma tarkacen lambobi ne. Ranar ce kawai ke magana da harshensa. Idan ita ma ƙarya ce, to me manhajar ta nuna masa?

Kuma laifin farko na wanda ya haɗa manhajar ne. Masu burauza suna da nasu kason, zan zo kansa, amma ba su ne a gaba ba.

Ɗan bayani kafin gardama

Kuki guntun bayani ne da shafi ke ajiyewa a burauzarka, ita kuma ta riƙa miƙa masa duk lokacin da ka dawo. Da shi shafi ke gane cewa kai ne ka shiga ɗazu, da shi ake tuna kayan da ka zuba a kwandon sayayya, da shi kuma kamfanonin talla ke bin sawunka. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, ƙa'idojin da ake bi kuma an tattara su a takardar RFC 6265 ta 2011.

Shafi yana yanke wa kuki wa'adi ta hanya biyu. Ko dai ya faɗi takamaimiyar rana da lokaci a agogon GMT, ko ya faɗi yawan sakan da kukin zai rayu. Idan ya faɗi duka biyun, na sakan ake bi. Idan bai faɗi ko ɗaya ba, kukin na zama ɗaya ne, ana sa ran ya tafi da an rufe burauza.

Ga kuma abin da nake so a riƙe: hanyar da shafuka suka saba goge kuki ita ce su ba shi ranar da ta riga ta wuce. Da zarar burauza ta ga wa'adinsa yana baya, sai ta jefar da shi. Wannan zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Daga ina 1970 ta fito?

Kwamfuta ba ta ajiye rana a matsayin "15 ga Janairu". Lamba take ajiyewa, wato yawan lokacin da ya shuɗe tun daga wani mafari da aka amince da shi. Mafarin da ya fi shahara shi ne tsakar daren 1 ga Janairu, 1970, a agogon GMT.

Matsalar ita ce ba a haɗu a kan ma'aunin ƙirgen ba. Ƙofar da masu burauzar Chrome da ta Firefox suka buɗe wa manhajojin ƙari domin taɓa kukis tana ba da wa'adi cikin sakan. Harshen JavaScript kuwa, wanda da shi ake rubuta manhajojin, yana ƙirga lokaci cikin milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Dole mai haɗa manhaja ya ninka da dubu idan zai nuna rana, ya raba da dubu idan zai rubuta ta. Ya manta ɗaya, an shiga uku.

Mu ɗauki lamba 1,800,000,000. Idan sakan ce, tana nufin ƙarfe 8 na safiyar 15 ga Janairu, 2027. Idan aka ɗauke ta a matsayin milisakan, ba ta kai kwana 21 ba, sai ta faɗo a daren 21 ga Janairu, 1970. Da wannan lissafi, duk kukin da wa'adinsa ke tsakanin Oktoban 2024 da ƙarshen Yunin 2027 zai bayyana a wannan rana ɗaya a agogon GMT. Shekara guda cur ta koma abin da bai kai awa tara ba. Shi ya sa jerin da na gani ya zama kamar an yi musu jana'iza tare.

Idan kuskuren ya juya, aka miƙa wa burauza milisakan alhali sakan take jira, sai wa'adin ya yi tsalle zuwa bayan shekara dubu hamsin da bakwai.

Wannan shi ne mafi sauƙin ganewa, domin ko yaro ya ga 1970 ya san da matsala. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu kama da gaskiya.

A JavaScript ana ƙirga watanni daga sifili: Janairu sifili ne, Disamba sha ɗaya. Wanda ya manta da haka zai nuna maka ranar da ta kauce da wata guda cif. Kukin da zai ƙare a Mayu ya bayyana a Afrilu, kuma babu abin da zai sa ka yi shakka, domin rana ce mai kyan gani.

Sai bambancin agogo. Wa'adin kuki a GMT yake, amma manhaja tana iya nuna shi a agogon ƙasar da kake ba tare da ta faɗa ba, ko ta nuna GMT ɗin kai kuma ka ɗauka naka ne. Ga kuki mai shekara guda, awa biyu ko biyar ba komai ba ne. Ga kukin shiga asusu mai rayuwar minti talatin, manhajar za ta ce ya mutu alhali yana raye, ko ta ce yana da sauran awanni alhali ya tafi.

Sai tsarin rubutun rana. Ka ga 03/04/2026. A Amurka 4 ga Maris ke nan, a Ingila da Faransa 3 ga Afrilu. Manhajar da ba ta rubuta sunan wata da haruffa ba ta bar ka da kacici-kacici.

Manhajojin da ke karanta fayil ɗin kukis kai tsaye daga faifai suna da nasu ramin. Chrome yana ajiye lokaci a rumbunsa cikin maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, kuma ƙirgensa yana farawa daga 1601, ba 1970 ba. Safari, burauzar kamfanin Apple, yana farawa daga 2001. Wanda ya manta ya cire tazarar shekara 369 da ke tsakanin 1601 da 1970 zai nuna maka kukin 2027 a 2396.

Akwai kuma kukin zama ɗaya, wanda ba shi da rana sam. Manhaja mai gaskiya za ta rubuta cewa na zama ɗaya ne. Malalaciya sai ta cike gurbin da sifili, sifili kuma shi ne 1 ga Janairu, 1970. Idan kana yammacin Greenwich ma 31 ga Disamba, 1969 za ka gani.

"Ai nuni ne kawai, kukin bai canza ba"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma rabinta gaskiya ne. Idan manhajar kallo kawai take yi, kukin yana nan yadda yake.

To amma mutane ba don nishaɗi suke kallo ba. Suna kallo ne su yanke shawara. Mai kula da sirrinsa ya buɗe manhaja, ya ga kukin wani kamfanin talla ya ƙare tun tuni, ya ce alhamdulillahi ya rufe, alhali kukin yana da sauran wata goma sha uku. Mai gina shafi yana neman dalilin da ya sa masu shiga shafinsa ke fita da kansu, ya ga ranar da ta kauce da wata guda, ya kwana yana tonon shirin da lafiyarsa ƙalau. Wanda aka ba aikin rubuta sanarwar kukis ta wani kamfani ya kwafi abin da manhaja ta nuna masa ya zuba a takarda. A Tarayyar Turai wannan takarda ba wasa ba ce: tun da dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki a 25 ga Mayu, 2018, ana tsammanin a faɗa wa mutane tsawon lokacin da za a riƙe bayanansu, hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, kuma ta sa wata 13 a matsayin iyakar rayuwar kukis na ƙidayar masu ziyara da ake yafe wa neman izini. Wanda ya auna wannan da manhaja mai ɓataccen lissafi ya sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Ranar ƙarewa a kwalbar magani ma rubutu ne kawai, ba ta canza abin da ke cikin kwalbar. Amma ba na jin akwai wanda zai yafe wa kamfanin da ya buga ta ba daidai ba da hujjar cewa maganin bai canza ba.

Sannan ga inda hujjar ta rushe gaba ɗaya: yawancin waɗannan manhajoji ba kallo kawai suke yi ba. Suna gyarawa, suna kwafewa, suna fitar da kukis zuwa fayil, suna dawo da su. Ka buɗe kuki domin ka canza abu ɗaya a cikinsa, ka danna ajiye, manhajar ba abin da ka canza kaɗai take rubutawa ba. Dukkan kukin take sake rubutawa, har da ranar da ke cikin akwatin. Idan ranar 1970 ce, ka tuna abin da na ce a riƙe: burauza za ta ɗauke ta a matsayin umarnin gogewa. Kukin ya tafi, shafin ya manta da kai, an fitar da kai daga asusunka, kwandon sayayyarka ya koma wayam. Garin neman gira an rasa ido.

Haka yake faruwa wajen ƙaura da kukis daga wata burauza zuwa wata. A tsohon tsarin fayil na Netscape, wanda har yau manhajoji irin su curl da wget ke karantawa, sifili a gurbin wa'adi yana nufin kukin zama ɗaya. Manhajar da ta shigo da fayil ɗin ba ta san wannan al'ada ba za ta miƙa wa burauza sifilin a matsayin rana, kukin ya mutu kafin ya zauna.

Akasin haka ya fi muni a ganina, domin ba ya ƙara. Kuki na zama ɗaya ne, shafin da gangan ya ƙi ba shi rana domin ya ɓace da an rufe burauza. Manhajar ta ga gurbi babu komai, ta cike shi da ranar da ta ga dama, ka danna ajiye, ya koma mai dogon zango. Babu saƙon kuskure, babu abin da ya lalace a idonka. Ka rufe kwamfutar da kuke amfani da ita ku da yawa, ka tafi, wanda ya zo bayanka ya buɗe shafin ya tarar da asusunka a buɗe.

"Kyauta ce fa, masu sa-kai ne suka yi"

Gaskiya ne da yawa daga cikin waɗannan manhajoji mutum ɗaya ne ya haɗa su a lokacin hutunsa, bai karɓi ko sisi ba. Ina girmama wannan, kuma ba na goyon bayan masu zagin mutumin da ya ba su abu kyauta.

Amma a duba abin da ya karɓa a madadin kuɗi. Domin manhajar ƙari ta taɓa kukis, sai ka ba ta izini, sau da yawa a kan dukkan shafukan da kake shiga. Tana ganin har kukis ɗin da aka yi wa alamar ɓoyewa daga shirye-shiryen da ke gudana a cikin shafin kansa, wato waɗanda suka fi kowane daraja, masu riƙe da shigarka asusu. Wanda ya mallaki irin wannan kuki yana iya shiga a matsayinka ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. A ƙarshen Disambar 2024 maharan intanet sun ƙwace manhajar ƙari ta kamfanin Cyberhaven a shagon Chrome, suka saki gurɓatacciya, abin da suka je nema kuwa kukis ne da zaman shiga na masu amfani da ita. Ba na cewa mai kuskuren rana ɓarawo ne. Ina nuna girman abin da ke hannunsa ne.

Wanda ya karɓi amana mai wannan nauyi, kyauta ba ta sauke masa nauyin gwada aikinsa. Kuma gwajin ba wani dogon aiki ba ne. Ka ƙirƙiri kuki mai awa ɗaya, ka duba abin da manhajarka ta nuna. Ka ƙirƙiri na zama ɗaya, ka buɗe shi, ka ajiye ba tare da ka canza komai ba, ka duba ko har yanzu na zama ɗaya ne. Ka canza agogon kwamfutarka zuwa na wata nahiya ka sake dubawa. Ka gwada da ranar 31 ga wata. Wanda ya kasa ware rabin yini ga wannan, ina dalilin da zai sa in yarda ya kula da sauran sassan da ba na iya gani?

A gaskiya wannan ne ya sa nake ɗaukar kuskuren rana da zafi fiye da girmansa. Shi ne ɓangaren aikin da idona ke iya tantancewa. Sauran duk a rufe suke.

"Laifin masu burauza ne"

A nan kam akwai magana. Ba a kyauta ba da aka bar ƙofar kukis tana ƙirga sakan a cikin harshen da komai nasa milisakan ne. Tarko ne, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya ga waɗanda suka faɗa ciki.

Na biyu, burauza tana canza wa'adi ba tare da ta yi shela ba. Tun daga Chrome 104, wanda ya fito a Agustan 2022, ba a barin kuki ya wuce kwana 400. Ka nemi shekara goma, ba za a ƙi ka ba, za a karɓa a rage zuwa kwana 400 a yi shiru. Safari kuma tun 2019 yake yanke wa kukis ɗin da shirin cikin shafi ya ƙirƙira wa'adin kwana bakwai, a ƙarƙashin tsarinsa na hana bin sawu. Ina goyon bayan waɗannan iyakoki. Kafin su, babu abin da ke hana shafi ya yi wa kuki wa'adin da ya fi rayuwar kwamfutar. Google da kansa ya daɗe yana ba kukinsa wa'adin 2038, sai a 2007 ya sanar da rage shi zuwa shekara biyu. Ita 2038 ɗin ma ba zaɓin son rai ba ce: 19 ga Janairun shekarar ne ƙirgen sakan zai kai 2,147,483,647, iyakar abin da tsofaffin tsare-tsare ke iya riƙewa.

To amma duba yadda wannan ke taimaka wa manhaja ta yi ƙarya. Ka rubuta 2035 a akwatin, ka danna ajiye, manhajar ta nuna maka alamar nasara da 2035 ɗinka a zaune. Ba ta koma ta tambayi burauza abin da ta ajiye da gaske ba. Abin da ka roƙa take nuna maka, ba abin da aka ba ka ba. Shirun burauza ya ba da dama, amma sake karanta kuki bayan an rubuta shi aikin layi biyu ne, kuma a hannun mai manhaja yake.

Iyakar ma tana rufa wa wani kuskuren asiri. Manhajar da ke miƙa milisakan a gurbin sakan, da a ce babu iyaka, da ta haifi kuki mai shekara dubu hamsin da bakwai kowa ya gani ya yi ihu. Da iyaka sai ya koma kwana 400, rana mai kama da ta hankali. Ka nemi kuki ya rayu awa ɗaya, ya rayu wata goma sha uku, babu wanda ya lura.

Adalci kuma ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Ba duk ranar da ta saɓa wa tsammaninka ce kuskure ba. Takardun Google Analytics, tsarin Google na ƙidayar masu ziyartar shafi, sun ce babban kukinsa shekara biyu yake yi. Ka duba a Chrome ka ga kwana 400, ka duba a Safari ka ga mako guda. Manhajar da ta nuna maka haka gaskiya ta faɗa, takardar ce ke maganar abin da aka nema. Na ga masu ɗora wa manhaja laifi a kan wannan, kuma zalunci ne. Sai dai ko a nan, manhaja mai kula za ta ɗan rubuta a gefe cewa wannan ita ce iyakar da burauza ta yarda da ita, ta huce wa mutum ruɗani.

"Ranar ma ba ta da wani tasiri"

Wannan hujjar masu ilimin abin ce, kuma ita ce mafi ƙarfi. Suna cewa shafi yana iya sabunta kuki duk lokacin da ka ziyarce shi, don haka kwana 400 na iya zama har abada ga shafin da kake shiga kullum. Suna cewa sabar shafin, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, ita ce ke da maganar ƙarshe: ko ka tsawaita kukin shigarka zuwa baɗi, idan sabar ta rufe zaman bayan minti talatin, kukin ya zama fanko. Suna ƙarawa da cewa ko kukin zama ɗaya ba lallai ya tafi ba, domin burauzar da aka saita ta ci gaba daga inda aka tsaya tana dawo da shi bayan an rufe ta. Ga kuma wasu hanyoyin ajiya a burauza da ba su da ranar ƙarewa ko kaɗan.

Duk na yarda. Har ma ina so masu tsawaita wa'adin kuki da fatan kada a sake tambayarsu kalmar sirri su ji wannan da kyau, domin wahalar banza suke yi a shafukan da aka gina da kula.

Amma abin da hujjar ta tabbatar shi ne ranar ba ta faɗin dukkan labari. Ba ta tabbatar da cewa ya halatta a faɗe ta ba daidai ba. Shafukan da ke sabunta kukinsu kullum su ne waɗanda kake ziyarta kullum. Sauran fa? Shafin da ka leƙa sau ɗaya ka wuce, wa'adin ne kaɗai zai share kukinsa idan ba kai ka share ba. Kuma ba kowane shafi aka gina da kula ba. Akwai masu barin zaman shiga a buɗe a sabarsu na tsawon lokaci, sun dogara ga kukin ya mutu da kansa. A irin waɗannan, manhajar da ta tsawaita kuki bisa kuskure ta cire katanga ɗaya tilo da ta rage.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba

A rubuta wata da sunansa, a rubuta shekara da lambobi huɗu, a faɗi agogon da aka bi. A ƙara da sauran lokacin da ya rage da kalmomi, "saura kwana 12" ko "saura minti 40", domin wannan shi ne abin da mai dubawa ke son sani, kuma kuskure ba ya ɓuya a cikinsa. Mai manhajar da ya ga allonsa ya rubuta "ya ƙare shekara hamsin da suka wuce" a gaban kuki mai rai zai gyara kafin ya saki.

Kukin da ba shi da rana a bar shi babu rana. Kada a cike masa gurbi, kada a mayar da shi mai dogon zango sai mai amfani ya nema da kansa. Idan kuma ranar da za a ajiye tana baya, a tsaya a tambaya: wannan zai goge kukin, ka tabbata?

Su ma masu shagunan manhajojin ƙari, da ke tantance kowace manhaja kafin ta fito, hankalinsu ya fi karkata ga izinin da ta nema da kuma ko tana satar bayanai. Hakan daidai ne. Amma manhajar da ta ce ita mai gyaran kukis ce, gwada ko tana mayar da kuki yadda ta same shi abu ne da na'ura za ta iya yi ba tare da mutum ya zauna a kai ba.

Wasu za su ce a bar manhajojin gaba ɗaya, tunda kowace babbar burauza ta kwamfuta tana da kayan aikin masu gina shafi a cikinta, kuma suna nuna kukis da wa'adinsu kai tsaye. Ga wanda ya iya, shawara ce mai kyau. A Chrome da Firefox maɓallin F12 ne ke buɗe su, sai ka nemi sashen ajiya, ka zaɓi shafin, jerin ya fito. Sai dai wurin cike yake da abubuwan da ke firgita wanda ba sana'arsa ba ce, kuma saboda irinsa aka yi manhajojin tun farko. Ba za a ce masa ya koma can dindindin ba.

Abin da zan ce masa shi ne ya leƙa can sau ɗaya. Ya zaɓi kuki guda, ya duba ranarsa a manhajar, ya duba ta a kayan burauzar, yana tuna cewa Chrome a agogon GMT yake nuna tasa. Idan bambancin 'yan awanni ne daidai da tazarar agogon ƙasarsa, manhajar tana lissafi daidai, rashin faɗin agogo ne aibinta. Idan wata guda ne cif, ko 1970, ko ta ba kukin zama ɗaya rana, kada ya sake danna ajiye a cikinta. Ya rubuta wa mai ita abin da ya gani, da sunan kukin da ranakun biyu, ba tare da ya tura abin da ke cikin kukin ba, sannan ya cire ta har sai an gyara.